Yadda ake kai ƙarar mai sayar wa yara giya a Zamfara

Tun da shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara a watan Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, sayar da giya laifi ne ko da babba aka sayar wa, balle yaro. Musulmi baligi da ya sha, haddinsa bulala 80 ne, wanda kuma ya haɗa ta ko ya yi dakonta ko ya sayar, alƙali na iya yanke masa bulala ko ɗauri ko duka biyun. Yaron da bai balaga ba babu haddi a kansa, don haka bai kamata uba ya rufe maganar saboda tsoron a zane ɗansa ba.

Abu na farko shi ne ka tabbatar da abin da kake zargi, domin ba kasafai ake ba yaro kwalba ba. Yawanci 'yar leda ce da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ake turawa ƙarƙashin tebur bayan kwalin biskit, a kira ta maganin basir ko na ciwon baya. Irinta ce hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta haramta, tare da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, saboda suna shiga aljihun kayan makaranta ba tare da kowa ya lura ba. Idan ka tsinci ledar a wandon yaro, ka adana ta, ka rubuta rana da wurin da ya ce ya saya, ka kuma tambaye shi cikin lallashi, domin duka ba ya fitar da sunan mai shago.

Daga nan sai ka sanar da mai unguwa, ku je ofishin Hisba ko na 'yan sanda tare. Hisba ba ta yanke hukunci, kotu ce ke yi, kuma alƙali zai nemi shaidu ko iƙirarin mai laifin. Idan mai sayarwar ba Musulmi ba ne, kotun majistare ce ke da hurumin shari'arsa.

Kada ka tara matasa a fasa shagon, domin kai ne za ka koma wanda ake tuhuma, kuma kada ka sa hoton yaron a Facebook. Ranar zaman kotu ka tafi da ledar da shaidunka, domin idan ba su bayyana ba alƙali na iya korar ƙarar.