Kafin ku sayi inshorar hutu a jirgin ruwa

Jama'a, kada arha ta ruɗe ku. Ku fara duba ko inshorar ta ɗauki nauyin kwaso marar lafiya daga teku. Asibitin cikin jirgi ƙarami ne, kuma ba kyauta ba. In ciwo ya tsananta sai an sauke mutum a wata ƙasa, wani lokaci da jirgi mai saukar ungulu, kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Mai hawan jini ko ciwon suga ya faɗa tun farko, ɓoyewa kan sa a ƙi biya. Sannan ku tambaya: in jirgin sama ya makara, na ruwa ya tafi ya bar ku, wa zai biya? Ni dai ranar da na ba da kafin alƙalami nake saya.