Yadda ake farfaɗo da ƙasar gona da mai ya zuba a kanta

Zariya ba a haƙo mai a cikinta, amma mai na ratsa ta dare da rana. Bututun da ya taso daga matatar Kaduna ya bi ta nan ya nufi Kano, wani reshe ya yi Gusau. Tankoki na bin babban titi ta Ɗan Magaji da Kwangila, ga garejin makanikai a Sabon Gari da Tudun Wada inda ake juye baƙin mai a ƙasa, ga injinan ban ruwa a fadamun Galma da Kubanni da ke ɗigar da fetur a gefen kwamin tumatir. Saboda haka abin da ya sami manoman Neja Delta tun bayan gano mai a Oloibiri a 1956 darasi ne gare mu, balle yanzu da aka ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe a 2022.

Ƙasar da mai ya shiga tana warkewa. A cikinta akwai ƙananan halittu, bakteriya da dangin naman gwari, waɗanda ke cin mai a matsayin abinci. Aikin manomi shi ne ya ba su iska da danshi da taki. Amma wannan dabara tana aiki ne kawai iya inda fartanya ta kai. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna an daɗe ana juya ƙasar sama ana cewa an gyara, alhali man ya nutse har mita biyar a wasu wurare. A Nisisioken Ogale an tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan rijiyoyi kuma yana ɗauke da sinadarin benzin, mai jawo sankara, fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Jinkiri ne ya kai su nan.

Ranar farko

Idan fetur ne, a nisanta. Kada a kunna ashana, kada a tada babur kusa, kada a bar yara su je ɗiba da jarka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a kwari da kwalbati, kuma shi ke kamawa kafin ruwan man. Mutanen Majiya a Jigawa sun ga wannan a Oktoban 2024, aka rasa rayuka sama da 150. Idan zubar babba ce, ta tanka ko ta bututu, a sanar da mai unguwa da 'yan kwana-kwana da KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, da NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, wadda aka kafa a 2006 don wannan aiki. A ɗauki hoton gonar daga nesa mai ɗauke da kwanan wata, domin shi ne hujjar neman diyya.

Idan gas ne, wato man dizal, ko baƙin mai ko kananzir, kuma bai fi ƙarfin mutanen gida ba, a fara da tare shi. A ja kunya mai tsayin taƙi ɗaya ta gangaren da yake bi, a toshe duk wata hanya da ta nufi rijiya ko rafi. Wanda ya taru a kwashe da kwano a zuba a durom. Sauran a barbaɗa masa garin katako ko buntun shinkafa, a bari ya tsotse, a kwashe a buhu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa ruwa da omo. Ido zai ga wuri ya yi fes, amma sabulun ya narkar da man ne ya tura shi ƙasa, inda ba iska kuma ba mai iya kai masa.

Auna zurfi kafin a taɓa komai

A haƙa ƙananan ramuka uku ko huɗu, ɗaya a tsakiya, sauran a gefe. Kowane santimita 15 a ɗebo ƙasa, a shinshina, a jefa ɗan dunƙule a kwalbar ruwa a girgiza. Idan wani ƙyalli mai launin bakan gizo ya taso, akwai mai a wannan zurfin. A ci gaba har inda ƙyallin ya daina.

Jan ƙasar tudun Zariya tana da laka, tana riƙe mai a sama na ɗan lokaci, wannan sa'a ce. Fadama kuwa daban take, domin da damina ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai. Idan man bai wuce santimita 30 ba kuma wurin tudu ne, ana iya gyarawa a inda yake. Idan ya wuce haka, ko wurin fadama ne, dole a haƙe ƙasar a kai ta tudu. Idan kuwa an tarar da mai a kan ruwan ramin, aikin ya fi ƙarfin shebur, sai hukuma. Rijiyar da ke kusa a rufe ta. Tafasa ruwan ba ya mayar da shi abin sha.

Shimfiɗa da haɗi

A zaɓi wuri mai nisa da rijiya, a shimfiɗa tampol ko leda mai kauri, a kewaye da kunya. Wuri mai mita 4 a tsaye, 3 a kwance, zurfin santimita 20, yana ba da kimanin baro 40 na ƙasa. Haɗin da ke aiki shi ne: kowane baro 4 na gurɓatacciyar ƙasa, baro 1 na kashin kaji ko takin shanu da ya ruɓe, da baro 1 na buntu ko garin katako. Takin yana kawo ƙwayoyin halitta da abincinsu, buntun kuma yana hana laka dunƙulewa, iska ta samu hanya. A farfasa manyan hoge, a gauraya sosai, a baje kada kaurin ya wuce santimita 30.

Idan ƙasar ta jiƙe sharkaf da mai, har an matsa ta yana maiƙo a hannu, a sirka ta da ƙasa mai kyau rabi da rabi tukuna. Mai da ya haura kashi 5 cikin ɗari na nauyin ƙasa yana kashe masu cinsa ma.

Mai kusan duk sinadarin kabon ne, ba shi da naitirojin, sinadarin taki da ƙwayoyin halittar ke buƙata don su ci shi. Ƙa'idar masana ita ce kashi 100 na kabon yana son 10 na naitirojin da 1 na fosforas. A aikace, tan ɗaya na ƙasa mai ɗauke da kilo 10 na mai yana buƙatar abin da bai kai kilo 2 na yuriya ba. Idan an sa kashin kaji, a rage zuwa rabi, kuma a raba shi gida uku, ana sawa duk bayan mako uku. Masu gaggawa sukan juye yuriya da yawa lokaci guda, sai wurin ya riƙa warin fitsari, aikin ya tsaya cik. Ƙasarmu tana da ɗan tsami, don haka ɗan tokar murhu, kamar kwano ɗaya a baro 10, tana taimakawa.

Danshi da juyawa

A nan aikin yake ci ko ya faɗi. A damƙi ƙasar a tafin hannu: ta dunƙule amma kada ruwa ya ɗigo. Idan ta warwatse, a yayyafa ruwa da butar ban ruwa, ba da tiyo ba. A juya ta da shebur ko fartanya sau ɗaya a mako a wata biyun farko, daga baya duk mako biyu, na ƙasa ya koma sama.

Da hunturu iska tana busar da shimfiɗar cikin kwana biyu, sai a rufe da karan dawa ko tsofaffin buhuna. Da damina, musamman a Agusta, matsalar ta juye: ruwa ya cika ƙofofin iska, ƙasar ta riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma malalar na iya kwashe mai ta kai rafi. A lulluɓe da tampol in hadari ya haɗo, a yaye in ya wuce. Ruwan da ya taru cikin kunyar a mayar da shi kan shimfiɗar. Mai juyawa ya sa takalmin roba da safar hannu, ya tsaya iska na bayansa. Kada a ƙona ƙasar don a gama da wuri, wuta tana kashe ƙwayoyin, ta bar ɓawo mai tauri da ruwa ba ya ratsawa.

Kananzir da gas sukan ragu sosai cikin 'yan watanni. Baƙin mai da ɗanyen mai suna iya kai shekara ɗaya zuwa biyu.

Yaushe za a shuka

Ɓacewar wari ba ta isa shaida ba. A cika roba biyu, ɗaya da ƙasar da aka gyara, ɗaya da ƙasa mai kyau daga gonar, a shuka ƙwayar masara 20 a kowace, a ba su ruwa daidai. Bayan kwana goma a ƙirga, a kuma tuge a duba saiwa. Idan tsiron bai kai kusan na ɗaya robar ba, ko saiwar gajeruwa ce mai duhu, a ƙara wata biyu ana juyawa. Dawowar tana a cikin ƙasar alama ce mai kyau. Mai hali ya kai samfur ɗakin gwajin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Baƙin mai yana da wata illa da ƙwayoyin halitta ba sa iya cirewa: ƙarafa irin su dalma da ke fitowa daga inji. Waɗannan suna nan daram ko man ya ƙare. Don haka ƙasar gareji ba ta latas ko alayyafo ko kabeji ko karas ba ce, sai an gwada an tabbatar. A fara da jema, wadda saiwarta ke nutsewa ta kama ƙasa, ana kuma sayar da ita ga masu zana da faifai, ko a dasa itatuwan katako da na makamashi. A ƙasar da gas ya shafa ana iya fara da wake don ya gyara ta, amma amfanin shekarar farko a binne shi a gonar, kada a ci, kada a ba dabbobi harawar.

Ga makanikai kuwa, abin ya fi sauƙi tun daga tushe. Rabin durom da aka yanka a ƙarƙashin mota, mazurari, da durom mai murfi a kan daɓen siminti a inuwa, shi ke nan. A kife tsohuwar filta ta tsane kwana ɗaya kafin a jefar. Kada a haɗa baƙin mai da ruwan birki ko fetur ko ruwa, domin masu sayen baƙin mai suna rage kuɗi ko su ƙi ɗauka. Garejin da ke juye wa mota biyar a rana, kowace lita 4, zai cika durom mai lita 200 cikin kwana goma.