Manhajar saita launin monita ta ƙi aiki? Ga inda za ka fara dubawa

Ranar da na fara haɗa monita mai faɗin launi a sitidiyo, irin waɗannan da ake rubuta musu Adobe RGB ko DCI-P3 a jikin kwali, tun bayan isha'i nake fama da manhajar saita launinta har wajen ƙarfe ɗaya na dare, tana ta ce min wai ba ta ga monita ba alhali ga monitar nan a gabana tana haske. Na goge manhajar na sake sakawa, na kashe kwamfuta na kunna, na canza DisplayPort na sa HDMI, duk a banza. Sai da safe ina tattara kwalin zan ɗaga shi sama na ga wani kebul na USB mai kai murabba'i irin na firinta yana nan cikin ledarsa ko warwarewa ban yi ba. Shi ne matsalar gaba ɗaya. Tun daga lokacin idan wani ya kira ni ya ce manhajarsa ta lalace ba na bari ya taɓa komai sai mun bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya.

Amma bari mu fahimci abu ɗaya tukuna don duk sauran a kansa suke tsaye. Saita launi iri biyu ne. Akwai wanda manhaja ke auna allo sai ta rubuta gyaran a katin hoto na kwamfuta, shi ne abin da manhajar DisplayCAL da manhajojin na'urorin auna launi irin Spyder da Calibrite suke yi a kan kowace irin monita. Akwai kuma wanda ake rubuta gyaran cikin monitar kanta, a wani teburin lissafi da ke cikinta da ake kira LUT, wanda yawanci 14-bit ne ko 16-bit, shi ya sa launin toka ke fita sumul ba layi-layi, don katin hoto sau tari a 8-bit yake yin nasa gyaran, matakai 256 kacal ga kowane launi. Wannan na biyun shi ne kuɗin da ka biya. Kuma kowane kamfani da tasa manhajar: EIZO na da ColorNavigator, BenQ na da Palette Master, ASUS na da ProArt Calibration, NEC na da SpectraView, LG na da Calibration Studio, ta wani ba ta rubuta wa monitar wani. To idan an gama, furofayil ɗin ICC da manhajar ta ajiye maka ba gyara yake yi ba, bayani ne kawai yake wa su Photoshop cewa ga iyakar jan wannan allo ga iyakar korensa. Gyara wuri ɗaya, bayani wuri ɗaya. Mafi yawan rikicin da nake gani daga nan yake fitowa, wani abu daban ya sa hannu cikin launin bayan monita ta gama nata, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Mu fara da manhajar da ta ce ba ta ga monita ba. Kebul ɗin hoto hoto kawai yake kaiwa, manhajar kuma tana bukatar hanyar da za ta yi magana da monitar ta aika mata lissafi, a yawancinsu wannan hanyar ita ce USB ɗin da ke fita daga ƙasan monita zuwa kwamfuta. Ka jona shi kai tsaye, kar ka bi ta hob mai ƙara ramukan USB, kar ka bi ta dok ɗin laftop, kar ka bi ta akwatin KVM da ke raba monita ɗaya wa kwamfuta biyu, waɗannan suna yawan yanke maganar a hanya. Idan USB-C kake amfani da shi kebul ɗaya na ɗaukar hoto da data tare, amma ka tabbata ba na caji zalla ba ne don kasuwa cike take da su kuma a ido duk iri ɗaya ne. Sannan ka shiga menu na monitar ta maɓallan jikinta ka nemo DDC/CI, saitin da ke ba kwamfuta damar magana da monita, ka ga a kunne yake. Idan allo biyu gareka ka sa su a Extend, kar ka bar su a Duplicate, kuma ka ja tagar manhajar zuwa kan monitar da za a auna, in ma ya ƙi ka cire ɗayan gaba ɗaya har a gama.

Sai wadda ta ga monita amma ba ta ga na'urar aunawa ba, wato kalarimita, ɗan abin nan da ake ratayawa a fuskar allo. Nan abu uku ne. Na farko wata manhajar ta riga ta riƙe ta, ka duba ƙasan allo kusa da agogo za ka ga ta Spyder ko ta X-Rite ko ta Calibrite tana gudana a ɓoye, rufe ta, in ta ƙi ka kashe ta a Task Manager. Na biyu direba, wato ɗan shirin da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Wanda ya taɓa gwada DisplayCAL da Spyder a Windows dole ya sa direban ArgyllCMS, shirin da DisplayCAL ke aiki a kansa, to muddin wannan direban na nan manhajar kamfani ba za ta ga Spyder ɗin ba, sai ka shiga Device Manager ka mayar da direban asali. Ita kalarimitar i1Display Pro ta kamfanin X-Rite ba ta da wannan damuwar don ba ta bukatar direba na daban. Na uku kuma wanda ya fi ciwo shi ne na'urarka ba ta cikin jerin waɗanda manhajar ke karɓa. Kowane kamfani yana da jerin a shafinsa, don Allah ka duba kafin ka saya ba bayan ka saya ba, musamman mai sayen ta hannu, saboda akwai i1Display Pro da aka kera wa wani kamfanin monita takamaimai aka kulle ta, kamanninsu ɗaya da ta kasuwa amma wata manhajar ba za ta buɗe ta ba. Kuma tun 2021 kayan X-Rite na masu hoto suka koma ƙarƙashin sunan Calibrite, to tsohuwar manhaja na iya rashin gane sabon sunan, sai ka sabunta ta.

Idan kuma aikin na farawa sai ya tsaya a tsakiya ko ya ce awon ya gaza, yawanci haske ne ke shiga ta gefe ko allon ya yi wani motsi. Ka kwantar da monitar baya kaɗan yadda na'urar za ta kwanta lif a jikin gilashin ba ta lilo, ka juya murfinta mai farin ido ya koma baya don mutane da yawa suna mantawa su bar shi a rufe, ka kashe barcin allo da sanarwar WhatsApp, ka janye linzami gefe. Ka bar monitar a kunne minti 30 kafin ka fara don haskenta ya zauna. Wuta kuma, kar ka soma a kan wutar NEPA da ba ka da tabbas ko janareton da ke tari, sa monita da kwamfuta duka a kan inbata ko UPS, don a lokacin da ake rubuta lissafi cikin monita ba lokacin ɗauke wuta ba ne. In ya riga ya faru launin ya birkice kar hankalinka ya tashi, ka koma yanayin sRGB na masana'anta ta menu, wato ma'aunin launi na gama-gari marar faɗi, sannan ka sake aikin daga farko a kan gurbin ajiye saiti na monitar da kake rubutawa.

Yanzu babbar maganar, an gama lafiya manhaja ta ce komai daidai amma kai idonka na ganin fari ya yi ruwan hoda ko kore-kore, ko baƙi ya yi fari-fari kamar an watsa masa toka. A nan za ka zauna ka nemo wanda ya sa hannu. Night Light na Windows, Night Shift da True Tone na Mac, f.lux, duk masu canza farin allo ne da kansu, ka kashe su kafin awo da bayan awo. HDR ma a kashe. A Windows 11 akwai wani maɓalli na sarrafa launi da kansa a saitin allo, ni kashe shi nake yi lokacin awo. Ka buɗe saitin katin hotonka, Nvidia ko AMD ko Intel, ka mayar da duk wani ƙarin haske ko ƙarfin launi zuwa asali, sannan ka duba siginar RGB ce kuma Full ce, wato 0 zuwa 255, don ta HDMI kwamfuta kan ɗauka talabijin aka jona mata sai ta aika Limited, 16 zuwa 235, shi ke sa baƙin ya wanke. Shi ya sa na fi son DisplayPort.

Bayan nan sai tsofaffin furofayil. Ka danna Windows da R ka rubuta colorcpl, ka zaɓi monitar, ka ga wanne ne aka sa a matsayin na dindindin, ya zama sabon da manhajar ta yi ne, tsofaffin ka cire su daga jerin. Fayilolin suna zaune a C:\Windows\System32\spool\drivers\color, a Mac kuma cikin Library/ColorSync/Profiles. Abin da ke faruwa shi ne tsohon furofayil da aka yi da hanyar farko yana ɗauke da nasa gyaran na katin hoto a cikinsa, kuma akwai ɗan shirin da ke loda shi duk lokacin da ka kunna kwamfuta, to sai gyara ya hau kan gyara. Alamarsa ita ce kana kunna kwamfuta launi na da kyau, bayan daƙiƙa kaɗan sai ka ga ya canza farat ɗaya. Ka shiga jerin Startup ka kashe duk mai loda furofayil in ba na manhajar monitarka ba. Wajen ajiye sabon furofayil kuma in an ba ka zaɓi, ɗauki ICC v2 mai matrix, shi ya fi zama lafiya da manhajoji daban-daban.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne ita kalarimita sai an gaya mata irin fitilar da ke bayan allon. Monita mai faɗin launi ba farin LED na gama-gari take amfani da shi ba, wata GB-r LED ce, wata PFS ce, wata quantum dot, wata ma OLED ce da ba ta da fitilar baya, kuma jansu da korensu sirara ne masu kaifi, idan aka auna su da gyaran da bai dace ba farin zai karkace alhali lambobi na nuna lafiya lau. Manhajar kamfani ita ke zaɓa da kanta, amma in ka je tabbatarwa da DisplayCAL sai ka zaɓi fayil ɗin gyara na CCSS ko CCMX da ya dace da allonka, in ba haka ba za ka ga sun saɓa ka ɗauka ɗaya ta lalace. Tsofaffin na'urori irin Spyder 3 da i1Display 2 kuma matatar launinsu na tsufa, zafi da laima na ƙara mata sauri, ga shi an yi su ne tun kafin irin waɗannan allunan su yawaita. Da zafinmu na Maris da Afrilu da ƙurar hunturu, taka ko sabuwa ce ka riƙa ajiye ta cikin jaka mai zif da ɗan ƙullin silika, nesa da taga.

Lambobin da nake sawa don aikin hoto: fari D65 wato 6500K, gama (gamma, ma'aunin yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari) 2.2, haske tsakanin 100 da 120 cd/m². Idan hotunan da kake wankowa suna fitowa da duhu fiye da allo to allonka ne ya cika haske, sauko da shi zuwa 90 ko 80 ka gwada, kar ka je kana faɗa da mai firinta. Masu aikin ɗab'i da ke duba takarda a ƙarƙashin fitilar D50 sukan sa fari kusa da 5000K. In an gama ka danna tabbatarwa, matsakaicin Delta E, wato tazarar launin da aka auna da wanda ake nema, ƙasa da 1 ya yi kyau, mafi girma ya tsaya wajen 2 zuwa 3. Idan shuɗi mai duhu ɗaya ne ya ɗan haura kar ka kwana a kansa, tokar ita za ka sa wa ido.

Sai kukan da na fi ji daga masu hoton biki, wai bayan an saita fuskar amarya ta yi jawur, lallen hannunta ya koma kamar wuta, koren leshi na ƙuna a ido. Buɗe hoton a Photoshop ko Lightroom, idan a can ya yi daidai to saitin lafiyarsa ƙalau, manhajar da ka fara kallo da ita ce ba ta karanta furofayil, ta ɗauki lambobin sRGB ta watsa su kan allo mai faɗi, shi ya sa komai ya yi ƙarfi. Wasanni da wasu filayan bidiyo haka suke. Maganin shi ne gurabun nan da monitar ke da su, wasu na kiransu CAL 1 da CAL 2, ka saita ɗaya a cikakken faɗi don gyaran hoto, ɗaya a sRGB don sauran harkoki, mai bidiyo ya yi na Rec.709 da gama 2.4. Amma fa ka kula, idan ka canza gurbi da maɓallin monita dole furofayil ɗin kwamfuta ma ya canza ya bi shi, wasu manhajojin na yi da kansu muddin USB na jone, wasu sai ka yi da hannu, idan ka bar monita a sRGB furofayil na cewa Adobe RGB sai hoton ya koɗe ka yi ta ƙara masa launin da ba ya bukata. Hoton da za ka tura wa mai biki a waya kuwa ka fitar da shi a sRGB da furofayil a jikinsa.

Ni duk wata nake maimaita awon, da daddare da fitilar ɗaki iri ɗaya, kuma nakan sake duba colorcpl duk bayan sabunta Windows ko direban katin hoto don nan ne furofayil ke yawan zamewa. Sunan fayil ɗin nakan sa masa gurbi da fari da haske, misali CAL1-D65-110, yadda in abu ya rikice zan san wanda zan koma kansa.