Yadda zaka rage dogaro da janareta ka koma sola ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba

Jama'a tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur kowa ya san yadda tayar da janareta ya koma, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a 2024, mai shagon aski da mai sayar da ruwan sanyi da uwargida a gida duk kuka ɗaya ake. Ni a gidana ɗan janareta na yana shan lita 3 kowane dare in an ɗauke wuta, to wata rana na zauna na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi, kuma ba kuɗin kaɗai ba. Duk lita ɗaya ta fetur da ka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon a sama, kenan ni kaɗai kilo 7 a dare, a shekara wajen tan 2 da rabi. Wannan iskar ita ce take taruwa tana riƙe zafin rana kamar bargo, kafin zamanin masana'antu tana wajen 280 cikin miliyan a sararin sama, yanzu ta wuce 420, kuma 2024 ce shekarar da tafi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Wanda ya yi azumi a Sakkwato ko Maiduguri a shekarun nan ba sai an ba shi labari ba.

Na san wani zai ce ai Turawa da China ne suka ɓata duniya, mu meye namu. Gaskiya ne, Afirka gaba ɗayanta bata kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Amma Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 2015, a taron Glasgow na 2021 kuma Buhari ya yi alkawarin zuwa 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, a shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Ni dai abin da na gani shi ne wannan karon abin da zai taimaki aljihunka shi ne kuma zai rage hayaƙin, to me za a jira.

Abu na farko, kuma nan ne yawancin mutane suke faɗuwa, kada ka fara zuwa kasuwa. Ka fara ɗaukar biro da takarda ka zagaya gidanka, kowane kayan wuta akwai lambar wat a jikinsa ko a bayansa, ka rubuta ta ka ninka da awannin da kake kunna shi. Misali kwan fitila 5 masu wat 10 na awa 6 ya ba ka 300. Fankar sama 2 masu wat 60 na awa 8, 960 kenan. Talabijin wat 60 awa 4, 240. Cajin wayoyi ka sa 100. Jimla 1,600 a rana. Sai ka ƙara wajen kashi 30 cikin 100 a kai saboda wutar da take ɓacewa a wayoyin wuta da batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ya zama kamar 2,100.

Yanzu duba lissafin nan da kyau zaka ga fanka ce ta cinye fiye da rabi. Shi yasa nake cewa kafin ka sayi fanel, wato farantin sola, ko ɗaya ka fara canja kayan da suke shan wuta. Akwai fankoki na sola masu cin wat 25 zuwa 30, in ka sa biyu irinsu 960 ɗin nan ta dawo wajen 400, jimlar 1,600 ɗin nan ta sauko kusa da 1,000. Tsofaffin kwayayen nan masu zafi na wat 60 da 100 kuwa a cire su kawai. Dutsen guga da hita da risho na lantarki kowanne yana jan wat 1,000 ko fiye, waɗannan a bar su sai an kawo wuta, a faɗa wa yara da kowa a gidan tun ranar farko.

Fanel kuma, mu a Arewa Allah Ya ba mu rana, ka ɗauka kana samun awa 5 na rana mai ƙarfi kullum, sau da yawa ma ta fi haka amma ka tsaya a 5 saboda damina da hazo. Ka raba 2,100 da 5, ya ba ka 420, kenan fanel ɗaya mai wat 550 ya ishe ka ko biyu masu 300. A kafa shi yana kallon kudu tunda muna arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, a ɗan karkata shi kamar digiri 10 zuwa 15 yadda ruwan sama zai riƙa wanke shi, kuma ka tabbata inuwar darbejiya ko tankin ruwa ko katangar maƙwabci bata faɗa masa, inuwa ko a gefe ɗaya ce tana karya ƙarfinsa sosai.

Batir shi ne inda kuɗin yake, kuma shi ne yake fara mutuwa. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400 (12 sau 200), amma rabi kawai ya kamata ka riƙa sha wato 1,200, in kana tatse shi har ƙasa kullum wallahi ba zai daɗe ba. To ka ga da tsofaffin fankoki sai ka sayi batir biyu, da sababbi ɗaya ya kusa wadatarwa. Na litiyam ya fi tsada nesa ba kusa ba amma zaka iya shan kashi 80 cikin 100 nasa kuma ya fi daɗewa da shekaru, in da hali shi ya fi. In na ruwa ka saya ka riƙa duba ruwansa duk wata, tataccen ruwan batir na asali (distilled) ake zubawa banda na rijiya ko na leda, kuma a ajiye shi inda iska ke shiga, zafi yana kashe batir.

Sai kwantrola, wato na'urar da ke tsakanin fanel da batir. Akwai PWM mai araha akwai MPPT. In babban fanel ne irin mai 550 kuma batirinka bolt 12, MPPT zaka saya, in ba haka ba wuta mai yawa zata tafi a banza kana ganin rana tana dukan fanel batir kuma baya cika. Ni wannan ya same ni, wani mai haɗawa ya sa min ƙaramar kwantrola da siririyar waya, wata biyu ina zargin batir ashe ba laifinsa bane, ranar da na taɓa wayar da tsakar rana na ji ta yi zafi kamar an ɗora ta a wuta. Dan Allah kada a yi rowar waya, a sa mai kauri ta jan ƙarfe, a sa fis ko bireka tsakanin batir da inbata, a kuma binne ƙarfen da zai kai tsawa ƙasa saboda damina.

Wajen saye ka tafi da wanda ya san aikin ya gwada fanel ɗin da mita a rana a gabanka, domin akwai wanda an manna masa takardar 300 alhali bai kai ba. Ka karɓi rasit da garanti a rubuce. In kuɗinka bai kai duka ba ka fara da fitilu da fanka da caji, amma ka sayi kwantrola da inbata masu ɗan girma yadda baɗi in ka samu sarari sai ka ƙara fanel kawai.

Lokacin hunturu ƙura tana rufe fanel cikin kwana kaɗan, in ka shafa yatsa zaka ga layi ya fito. Ka wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi duk sati, da sassafe ko da yamma, kada a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya sha rana.

Janaretan kuma kada ka yi saurin sayar da shi, ka ajiye saboda ranar da hadari ya rufe gari kwana biyu ko za a tayar da famfon ruwa. In zaka kunna shi a waje can nesa da taga, ba a zaure ko cikin shago a rufe ba, hayaƙinsa akwai gubar da bata da wari kuma ta sha kashe iyali guda suna barci. Batirin da ya mutu shi ma akwai dalma da asid a cikinsa, kada a bar yara su fasa shi ko a zubar da ruwansa a kwata, ka mayar wa masu sayar da batir, yawancinsu suna karɓar tsoho su rage maka kuɗin sabo.