Idan Farcen Babban Yatsa Ya Shiga Nama

Yawanci abu biyu ke jawo shi: yanke farce ƙasa-ƙasa ana zagaye gefensa, da matsattsen takalmi sau-ciki. Masu yini a tsaye a kasuwar Kejetia ta Kumasi sun san wannan zogin.

1. Zuba gishiri kaɗan a ruwan ɗumi, ka tsoma ƙafar minti 15 zuwa 20, sau uku a rana.

2. Goge ta bushe sarai. Sai ka ɗaga gefen farcen a hankali, ka tura 'yar auduga mai tsabta ƙarƙashinsa. Canza ta kullum, domin jiƙaƙƙiyar auduga tana tara ƙwayoyin cuta.

3. Koma silifa har ya lafa.

4. Don Allah kada ka haƙe gefen da reza. Idan mai yankan farce ya same ka a ƙofar shago a unguwar Aboabo, ce masa ya yanke a miƙe, kuma ka ba shi naka almakashin.

Ka ga mugunya ko kumburi na ƙaruwa? Nufi asibiti, likita zai kashe zafin wurin da allura ya cire gefen farcen. Mai ciwon sukari kuwa kada ya tsaya jiyyar gida, ya tafi tun ranar farko.