Yadda ake haɗa kunamar ambulan don tsokanar abokin wasa

A Tawa in bazara ta kama, kowa kan kakkaɓe takalminsa kafin ya sa ƙafa, saboda kunama. Wannan fargabar ce jarin wasan: mutum ya buɗe ambulan, wani abu ya kaɗa a ciki, ya zaci kunama ce. Abin da ke cikin ambulan ɗin kuwa waya ce da roba kawai.

A nemi waya mai kauri irin ta rataye tufafi, tsawon santimita 18, da robar ɗaure kuɗi guda biyu, da zoben ƙarfe mai faɗi wanda ake sa wa kusoshin babur, girmansa kamar tsabar dala biyar ta sefa. Kowane bakanike yana da shi zube a gareji.

Da filaya za a lanƙwasa wayar ta yi kamar ƙofa mara rufi: gindi santimita 6, kowane hannu santimita 5, sauran santimita ɗaya a kowane baki a karya shi waje ya zama ƙugiya. A goga bakin a dutse don kada ya yanki yatsa. Sai a zura roba ta ramin zoben, a shigar da kanta cikin madaukinta a ja, a yi wa ɗayar haka a ɗaya gefen, a maƙala kowace a ƙugiyarta. Zoben ya tsaya cak a tsakiya, ba ya taɓa gindin waya.

Yanzu a murɗa zoben sau 20 zuwa 25, a riƙe shi kwance, a tura cikin ambulan, a danne. Takarda ce ke hana shi juyawa. Da an buɗe ta sake shi, sai ya riƙa dukanta, karrr. Shi ya sa zaɓen takarda ya fi komai. Mai laushi ba ta amo, babbar ambulan kuma tana barin zoben ya warware tun a aljihu. Gara a yanko takardar buhun siminti, a kakkaɓe ta, a naɗe ta daidai jikin wayar. Kunama dai ba ta yin irin wannan ƙarar, amma wanda ya firgita ba ya tsayawa wannan lissafin.

In abin ya yi lagwas, ko dai wayar ta yi siriri har roba ta jawo hannayen suka haɗu, ko robar ta kwana a murɗe. Zafin Afrilu yana kashe roba, saboda haka a murɗa ta minti biyar kafin a miƙa.

A bayan takardar a rubuta "Kunamar Azawak, kar a buɗe", a ajiye a tabarmar fada kusa da taubashi, a kau da kai. Ban da tsofaffi, da mai juna biyu, da mai hawan jini. Mai dafa shayi ma a jira ya sauke buta ya matsa daga garwashi tukuna.