Matakan Shirya Gasar Rubuta Manhaja a Jami'a

A jami'o'i irin na Kafin Hausa da Wudil, wutar lantarki za a fara yi wa tanadi.

1. Da zarar shugaban sashe ya amince, a samo janareta da man awa 7, a jona kwamfutar alƙalai da UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci. In wuta ta ɗauke, gasa ta tsaya cak.

2. A bi tsarin ICPC, gasar rubuta manhaja ta jami'o'in duniya: kowane rukuni ɗalibai 3, kwamfuta ɗaya, awa 5. A fara ƙarfe 8 don a tashi kafin azahar.

3. A ɗora DOMjudge, manhajar da ke karɓar amsoshi tana duba su, a haɗa kwamfutocin da kebul, a katse intanet saboda masu satar amsa.

4. Tambayoyi 8 sun isa, biyu masu sauƙi don kada wani rukuni ya tashi hannu rabbana. Malamai biyu su warware kowace tambaya daban-daban, ɗaya da harshen rubuta manhaja na C++, ɗaya da na Python. Nan aka fi yin tuntuɓe: Python ba ta da sauri, in aka matse lokacin da aka ba amsa ta gama aiki sai a ƙi amsa mai kyau.

5. Ranar jajibere kowane rukuni ya shiga ya aika amsar gwaji.

6. Duk amsar kuskure tarar minti 20 ce da ake ƙarawa a kan lokacin rukuni, amma sai an warware tambayar ake lissafa ta.